Gidan kallon da ya buɗe mana ƙarfe biyun dare

A Gombe, in ka shiga gidan kallo ka ce a sa maka ƙwallon kwando, kallon mai taɓin hankali za a yi maka. Wuri ɗaya na samu, wata rumfar kwano a Jekadafari, mai talabijin uku da benci kamar goma, kuma shekara huɗu ke nan ban sauya ba.

Ranar da na gwada mai gidan ita ce daren 2 ga Afrilu 2022, farkon azumi. Jami'ar Duke za ta kara da North Carolina a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka a New Orleans, kuma kocin Duke, Mike Krzyzewski (mu dai Koci K muke cewa, sunan ya fi ƙarfin harshe), ya riga ya ce daga wannan kakar zai ajiye aiki. A agogonmu wasan sai wajen biyun dare. Na ce, "Baba, mu biyar ne kacal, za ka buɗe?" Ya ce, "Ku haɗa kuɗin mai, Malam, ni dama ba na komawa barci kafin sahur."

Ya buɗe kuwa. Ya shimfiɗa mana tabarma a gaba, ya kunna maganin sauro, ya zauna yana tambaya wane ne wannan dattijon da kyamara ta ƙi rabuwa da shi. Na ce tun 1980 yake riƙe da ƙungiyar nan, shekara 42, kofin ƙasa biyar: 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015. Abin da ya fi ɗaure wa Baba kai shi ne da na ce a shekararsa ta biyu da ta uku an ci shi wasa 17 kowace kaka, magoya baya na ta cewa a kore shi, amma shugaban wasannin jami'ar, Tom Butters, ya ƙara masa kwantiragi. Baba ya tafa hannu ya ce, "A nan da tuni ya koma gida." Ni da nake horar da yaran sakandare a filin da raga ɗaya ta tsinke, ban yi musu ba.

Hoton babbar talabijin ɗin tas yake, ana jin ƙarar takalma a kan katako. Amma janareta sai a hankali. Ana tsakiyar zagaye na biyu ya yi tari ya mutu, muka yi kusan minti shida a duhu, yaron gidan na jan igiya da fitilar waya a baki. Fanka ɗaya ce, ga zafin Afrilu, kuma bencin zai sa ka tuna kana da ƙashin baya. Bayan gida kuwa, ka gama uzurinka tun daga gida.

Wuta ta dawo mun ga ƙarshen. Saura ƙasa da rabin minti Caleb Love na North Carolina ya jefa ta maki uku, aka tashi an ci Duke 81 da 77, Koci K ya fita da nasara 1,202 a tarihinsa. Baba ya kashe janareta, ya miƙo mana kunu a kofin roba, ya ce mu yi sauri an kusa kiran assalatu.