Kayan gwajin HIV na gida: abin da suka yi mini da abin da ba su iya ba

Kwana tara bayan wata saduwa da na yi na sayi kayan gwajin nan da ake shafawa a dasashi. Na yi amfani da kwaroron roba daga farko har ƙarshe, bai fashe ba, bai zame ba, na duba da idona. Duk da haka barci ya ƙaurace mini. Ƙaiƙayi kaɗan in na ji sai gabana ya faɗi, ga kunyar zuwa asibiti. Shi ya sa na zaɓi abin da zan yi ni kaɗai a ɗaki.

Amfani da shi ba wuya. A cikin fakitin akwai ɗan tsinke mai faffaɗan kai, da 'yar kwalba mai ruwan gwaji, da abin da ake kafa kwalbar a kai. Ka shafa kan tsinken sau ɗaya a dasashin sama, sau ɗaya a na ƙasa, ka tsoma a kwalbar, ka jira minti 20. Babu allura, babu jini. Na ajiye shi a kan tebur, na kifa wayata, ina kallon ruwan yana hawa a hankali ta 'yar tagar. Layi ɗaya ya fito a wajen harafin C, wajen T kuwa fari fat. Ma'ana ba a ga alamar cutar ba.

Farin cikin bai wuce awa ɗaya ba, domin da na koma na karanta takardar a tsanake sai na gane na yi gaggawa. Wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, yana neman garkuwar da jiki ke haɗawa ne don yaƙar ta, kuma jiki na iya ɗaukar har wata uku kafin ta isa a gan ta. Gwajin kwana tara bai faɗi komai game da wannan daren ba. Nan ne babban ƙorafina: maganar da ta fi kowace muhimmanci an rubuta ta da ƙananan haruffa a cikin takarda mai ninki-ninki. Kamata ya yi ta kasance a gaban fakitin, ɓaro-ɓaro, domin mai tsoro ba ya karatun nutsuwa.

Sai da na cika mako uku sannan na daure na je asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta saurare ni ba tare da ta canza fuska ba, abin da har yau nake gode mata a kai. Ta ce, "Malam, in dai kwaroron bai fashe ba, hatsarin HIV a wajenka ƙanƙani ne ƙwarai. Amma ba ita kaɗai ce cuta ba."

Bayaninta shi ne abin da ban samu a fakitin ba. Cututtukan da ke bin maniyyi da ruwan gaba, irin su HIV, ciwon sanyi da kilamidiya, kwaroron roba na tare su sosai. Akwai kuma masu bin fata: tunjere, HPV mai kawo tsiro a al'aura, da ƙurajen nan masu ruwa da ke tafiya su dawo. Su gogayyar fata kawai suke buƙata, kuma roba ba ta rufe matsematsi da gindin mara. Tana rage hatsarin, ba ta kawar da shi. Gyambon tunjere yakan fito wajen mako uku, ba ya ciwo, ya warke da kansa alhali cutar na nan a jiki. Ta kuma tambaye ni ko an yi saduwa ta baki ba kariya, ko na shafa man da ke da maiƙo, wanda ke lalata roba. Ban taɓa sanin waɗannan suna cikin lissafi ba.

An karɓi fitsarina, an ɗebi jini. Ta ce gwajin jinin jijiya na ɗakin gwaji yakan gano HIV tsakanin kwana 18 zuwa 45, don haka ya riga na dasashi nesa. Ta ƙara da cewa da kwaroron ya fashe, ba gwaji ne abin fara nema ba, maganin PEP ne, na kare mutum daga kamuwa da HIV bayan ya shiga hatsari, wanda dole a fara cikin awa 72 a sha kwana 28. Sakamakona duka ya fito lafiya, na kuma fara allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ta ba ni shawara.

Bayan wata uku na sake sayen kayan gwajin, na sake ganin layi ɗaya, kuma a wannan karon ne na yarda da shi. Zan ba da shawarar sa ga wanda ya cika wata uku kuma kunya ke hana shi fita. Wanda layi biyu ya fito masa, dole ya je a tabbatar da gwajin jini. Wanda kuwa ya ga ƙurji, ko ruwa na fita, ko zafin fitsari, kada ya ɓata lokaci da shi, asibiti zai nufa.