Tab mai sim ko hosfot ɗin waya: abin da na gani a shagon ɗinkina

Duk mai shagon ɗinki a Kano ta san kwastomar yanzu. Za ta zauna ta ce a nuna mata abin da ake yayi, kuma a ɗan gilashin waya ba a ganin zaman aikin dutse, balle yadda aka yanka wuyan riga. Shi ya sa na nemi tab mai sauƙin kuɗi na ajiye a shago. Tun da na sa hotonsa a sitatus mata ke yi mini tambaya iri ɗaya: a sayi mai shan sim a riƙa zuba masa datarsa daban, ko a sayi marar sim a riƙa jona shi da hosfot ɗin waya, wato wayar ta riƙa raba masa datarta? Na ɗanɗana duka biyun, domin kafin in sayi nawa, na ƙanena marar sim na ara muka yi aikin ƙaramar Sallah da shi.

Wanda na saya Samsung Galaxy Tab A9 ne, a kasuwar waya ta Farm Centre. Ya fito a ƙarshen 2023. Faɗin fuskarsa inci 8.7, ram giga 4, ma'ajiya giga 64, da wurin ƙara memori. Batirinsa 5,100 mAh. Iri biyu ne: X110 na waifai kaɗai, X115 kuma mai shan sim na 4G. A ido ba za ki bambance su ba, don kowanne yana da ɗan tiren nan na gefe da ake zarowa da allura. A marar sim ɗin, memori kawai tiren ke ɗauka. Ki duba lambar a jikin kwali, ki nemi IMEI, wato lambar shaidar na'ura, don mai shan sim ne ke da ita. Abin da ya fi, ki cire layinki ki sa a gaban mai shagon, ki ga sabis ya hau da idonki kafin ki tura kuɗi. Ba a wannan kamfanin kaɗai ba: Redmi Pad SE mai inci 11 ma ba ya shan sim, ga shi kuwa da kyan gani a kanta.

Mai shagon ya so ya rage mini kashe kuɗi, Allah ya saka masa. Ya ce, "Hajiya, ɗauki marar sim ɗin mana, ya fi araha. Ga waya a hannunki, hosfot kawai za ki kunna." Na ce, "Malam, ai wayar ba a shago take wuni ba."

Nan maganar take gaba ɗayanta. Hosfot yana bin wayar ne duk inda ta je. In na hau Adaidaita na tafi Kantin Kwari nemo atamfa ko leshi, ko Sabon Gari sayen zare da zif, ko gidan amarya ɗaukar awo, intanet ɗin shagon ya tafi tare da ni a jaka. Tab ɗin ƙanena sai ya zama kamar allon da aka wanke, yarana na shago suna juya shi, kwastoma na jiran ta ga samfurin da aka turo mata. Ko ina shagon ma akwai nasa. Da zafin nan na Afrilu, waya ta wuni tana raba data, bayanta ya yi zau, batir na zuba, wuta kuma ba tabbas. Sai ki ga La'asar ba ta yi ba kina neman fawa banki. Sannan in wayarki ba ta kira a kan 4G, da an kira ki sai ta sauka 3G ko 2G, data ta yi rauni ko ta tsaya cak har ki gama magana. Mu kuwa masu ɗinki, ana gobe biki, wayar ba ta hutawa.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a lura da ita. Tab ɗin da aka jona da hosfot, a wurinsa waifai ya samu. WhatsApp kuwa, in ba ki canza ba, yana sauke hoto da bidiyo da murya da kansa muddin yana kan waifai. Ki tuna guruf ɗin dangi, na 'yan makarantarku, na adashe, kowanne da bidiyon biki da wa'azi. YouTube ma saitin ingancin hoto biyu gare shi, na data daban, na waifai daban. Haka datar wayata ta riƙa tafiya ina zargin kamfani. Duk wadda za ta zauna a kan hosfot, ta shiga saitin nan biyu ta gyara tun ranar farko.

Ba na cewa layi na biyu kyauta ne. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, data ta zama abin lissafi kamar man janareta. Sabon layi kuma sai da lambar NIN da zuwa rajista da kanki. Sai dai na samu abu biyu. Na farko, kuɗin datar shago ya rabu da nawa. Na wata nake saya da *312#, in duba saura da *323#, lambobin da suka zama ɗaya a duk layuka tun 2023, in rubuta a littafin shago kusa da kuɗin haya da na shara. In ta ƙare kafin lokacinta, na san wa zan tambaya, kuma 'yan matan sun san na sani. Na biyu, da gangan na sa layin wani kamfani daban da na wayata. A lungunmu akwai ranar da ɗaya ke ɗauke sabis ɗayan na aiki, sai in juya lamarin: tab ɗin ya ba wayar hosfot, in karɓi tiransifa ta kwastoma in ga shigarta. Kafin ki zaɓi layi, ki tambayi maƙwabtan shagonki wanne ke ja a cikin ɗaki, ba a bakin titi ba.

WhatsApp ɗin shago ma bai buƙaci sabuwar lamba ba. Ana iya haɗa na'ura har huɗu da lamba ɗaya, kuma suna aiki ko wayar tana kashe, in dai ba ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba.

Shi tab ɗin kansa, na kuɗinsa ne. Nuna samfuri, Instagram, Pinterest, rubuta awon mutane, sauraron karatu da safe kafin kwastomomi su fara zuwa, duk yana yi ba gardama, ga muryarsa tana fita sosai. Yana shiga jakar hannu, kuma yana kai mu Magariba da caji ɗaya in ba a zauna kallon fim ba. Cajinsa wat 15 ne, don haka da dare ake jona shi, ba da safe ana sauri ba. Kyamarar baya megafiksel 8, ta gaba 2, saboda haka hoton kayan da zan tallata da waya nake ɗauka. Maganar 5G kuwa, duk da ta iso Kano tun 2022, ban ga abin da za ta ƙara wa ɗinki ba.

In tab ɗin na yara ne a gida, za su yi karatu ko gwajin tambayoyin JAMB kina zaune kusa da su, marar sim ya ishe ki, har ma ya fi, don makullin datar na hannunki. Ki sa rarar kuɗin a riga mai kauri da gilashin kariya. Nawa tun a kasuwar na sa aka manna masa, saboda teburin yanka ba ya rabuwa da almakashi da fil.