Wasiƙa daga Kigali kan neman kwangilar gwamnati ta intanet

Zuwa ga Yaya Alhaji, a Gombe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini game da yadda ake neman kwangilar gwamnati a nan Ruwanda, tunda kamfanin da nake yi wa aiki yana kai wa makarantu bencina da tebura, wato dai sana'arka.

A nan ba a saka tayi cikin ambulan a jefa a akwatin ma'aikata. Gwamnati ta fara gwada wani tsari na intanet mai suna Umucyo a 2016 a wasu 'yan hukumomi, sannan ta faɗaɗa shi a 2017, kuma an gina shi da haɗin gwiwar Koriya ta Kudu, wadda take amfani da nata tsarin, KONEPS, tun 2002. Duk hukumar da take son sayen kaya, a shafin take tallata buƙatarta, a nan ɗan kwangila yake shigar da farashinsa da sa hannunsa na kwamfuta, a nan kuma ake sanar da wanda ya yi nasara. Ranar rufe tayi za ka gan mu mun zagaye kwamfuta ɗaya, akawu yana karanto farashi, manaja yana duban agogo, domin idan lokaci ya cika shafin yana rufewa da kansa, babu masinjan da za a roƙa ya karɓi takarda a bayan fage.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin yana haɗe da hukumar haraji da wurin rajistar kamfanoni da bankuna. Saboda haka wanda bai biya haraji ba, ba ya iya rufe asirinsa da takardar bogi, shi kuma mai gaskiya an raba shi da zaryar da na san kana yi tsakanin sakatariya da banki da shagon buga takardu.

Sai dai kada ka ɗauka an kawar da duk wata cuwa-cuwa. Kwamfuta tana tsare ƙofar shiga ce kawai. Jami'in da yake da nasa mutum yana iya tsara sharuɗɗan aiki yadda ba wanda zai cika su sai shi, kamar rigar da tela ya ɗinka bisa awon mutum ɗaya. Haka kuma jinkirin biya bayan an kai kaya yana cikin abubuwan da 'yan kwangila suke kuka da su a nan ma. Ta fuskar kaya kuwa, kun fi mu sauƙi ta wani fannin, domin Ruwanda ba ta da gaɓar teku, yawancin abin da ake shigowa da shi sai tirela ta ɗauko shi daga tashar jiragen ruwa ta Darussalam a Tanzaniya ko ta Mombasa a Kenya, tafiyar fiye da kilomita 1,000, alhali ku ga siminti nan a Ashaka.

A ganina wannan tsari yana tafe gare ku. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ce ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, sannan shirin gyara harkokin kuɗin jihohi mai suna SFTAS da Bankin Duniya ya tallafa wa da dala miliyan 750 daga 2018 ya sanya bayar da kwangila ta intanet cikin sharuɗɗan da aka gindaya wa jihohi a lokacin kafin su samu wani kaso na tallafin. Damuwata ita ce ƙaramin kafinta na Dukku ko Nafada, wanda aikinsa yake da kyau amma ba wuta, ba intanet mai ƙarfi. Idan ba a koya masa ba, manyan kamfanonin birni ne za su kwashe aikin da a da yake samu.

Shawarata, Yaya, ka sabunta rajistarka a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka nemi shaidar biyan haraji ta shekara uku tun kafin a tallata aiki, sannan ka sa ɗaya daga cikin yaran shago ya koyi shigar da takardu a kwamfuta, kada ka dogara da masu shagon intanet da za su ga farashinka kafin kowa. A gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka, daga Kigali.