Tankar yaƙi mai rimot: wacce za ka fara saye?

Kafin ka cire ko sisi, ka tambayi kanka abu guda: tuƙi kake so ko haɗawa? Akwai wanda burinsa ya ga tankar tana hawa tudun yashi tana fitar da hayaƙi, akwai kuma wanda daɗinsa ya zauna da sukudireba da burushi har dare ya raba. Kowane da irin kayan da ya dace da shi, kuma yawancin masu yin da-na-sani kayan ɗaya suka saya alhali ɗayan suke so.

Batun girma ba ya buƙatar dogon zance. Ma'aunin 1/16 shi ne kasuwar, wato kowane santimita 16 na tankar gaske ya koma santimita 1. Tankar Tiger I ta Jamus, mai tsawon kusan mita 8 da rabi har da bakin igwa, tana komawa ɗan fiye da rabin mita. A wannan girman ne kayan gyara suka fi yawa. Ƙananan 1/24 galibinsu kayan wasan yara ne, idan suka karye sai shara. A can sama kuma akwai 1/6 irin na kamfanin Armortek na Ingila, ƙarfe zalla, nauyin wasu ya haura kilo 100. Wannan sai mai gareji da aljihu mai zurfi.

Ƙofar da yawancin mutane ke shigowa ta ita ce Heng Long, kamfanin ƙasar Sin. Tankarsa tana zuwa a haɗe da fentinta: ka yi cajin batir, ka kunna rimot, shi ke nan. Tana da ƙarar inji, fitila, hayaƙi, kan yana juyawa, igwar tana harba ƙananan ƙwallayen roba masu milimita 6. Inda mai saye ke ruɗewa shi ne tanka ɗaya ana sayar da ita hawa-hawa. Akwai ta roba zalla, akwai mai giyar ƙarfe, akwai kuma wadda aka ƙara wa sarƙa da ƙafafun ƙarfe. Ido yakan tafi kan sarƙar ƙarfe, domin tana lanƙwasa tsakanin tayoyi kamar ta gaske, tana kuma yin wannan ƙarar mai daɗin ji a kan siminti. Ni dai shawarata kuɗin ya fara shiga akwatin giya. Sarƙar ƙarfe nauyi ce, kuma idan ka ɗora ta a kan haƙoran giya na roba, ranar da tankar ta shiga ciyawa ta yi juyi a wuri ɗaya haƙoran za su cinye. Ko a cikin na ƙarfen ma akwai bambanci: mai arha na tutiya ne, yana da laushi, mai ƙwari kuwa na baƙin ƙarfe ne. Ka tambayi mai sayarwa wanne ne a ciki, kada kalmar ƙarfe kawai ta ruɗe ka. Sarƙar roba tana aiki lafiya, batir ma ya fi daɗewa da ita, kuma daga baya kana iya canza ta.

Tsakanin Heng Long da manyan kaya akwai tankokin kamfanonin Taigen da Torro, waɗanda ƙasan jikinsu na ƙarfe ne, wasu har da kan. Jikin ƙarfe ba ya murɗewa idan sarƙa ta ja, shi ya sa sarƙar ba ta yawan zamewa. Farashinsu kan ninka na Heng Long. Kamfanin Mato kuma yana yin na ƙarfe gaba ɗaya, amma nauyin yana cin batir, ɗaukarta zuwa fili ma aiki ne.

Tamiya ta Japan wata duniya ce daban. Tun 1974 ta fitar da tankar Sherman mai rimot a ma'aunin 1/16. Abin da za ka samu kwali ne cike da ɗaruruwan guntaye, buhunan noti da littafin haɗawa. Babu fenti a jiki, kuma sau da yawa rimot da batir da caja daban za ka saya, don haka ka lissafa su tun farko. Kuɗin gaba ɗaya yakan kai ninki uku ko huɗu na Heng Long. Abin da kake saye shi ne daidaito: kowane guntu yana zama a gurbinsa ba tare da ka goge shi ba. Bayan makonnin da ka yi kana haɗa ta, babu wani lungu a cikinta da ba ka sani ba, idan ta tsaya ka san inda za ka duba. Ba ta harba ƙwallo. Hasken infared, wanda ido ba ya gani, take amfani da shi, tankar abokin karawa tana da na'urar karɓa a kanta, idan an same ta sai ta girgiza, gudunta ya ragu, bayan wasu harbi ta mutu na ɗan lokaci. Ƙungiyoyin masu wasan a Turai da Amurka da wannan tsarin suke fafatawa, kuma sababbin Heng Long ma suna da infared. A gidan da akwai yara, infared ya fi kwanciyar hankali, don ƙwallon roba yana iya ɓata ido.

Sai wace tanka. Tiger I ta fi kowace yawan kayan ƙari da na gyara a kasuwa, duk da cewa ta gaske guda 1,347 kacal aka ƙera daga 1942 zuwa 1944. Matsalarta irin ta uwarta ce: tayoyinta sun shiga cikin juna, tsakuwa da laka suna maƙalewa a tsakani. Sherman da T-34 sun fi sauƙin wankewa. Mai son ta zamani yana iya duba T-72, wadda rundunar sojin Najeriya ma take da irinta, ko Abrams da Leopard 2, sai dai tsawonsu yana son fili.

Wajen ado ne tanka mai arha ke ramawa. Heng Long tana fitowa tana ƙyalli kamar bokitin roba, amma fenti marar sheƙi kaɗai yana canza ta. Ka fara da fentin share fage, musamman a kan ƙarfe, in ba haka ba zai ɓare. Daga nan kalar asali, sai tsinkakken fenti mai duhu da zai kwanta a cikin tsage-tsage da kewayen noti, sai guntun soso da za ka ɗiga alamun gogewa a gefuna da wurin da sojoji ke takawa. Kamfanonin fenti Vallejo da AK Interactive, dukansu na Sifen, suna da kalolin da aka haɗa daidai da na kowace runduna. Ka kula da shekara: tankokin Jamus sun koma rawaya mai duhu a Fabrairun 1943, kuma wannan shafen mai kama da yaɓe da ake kira Zimmerit an daina shi a Satumban 1944. Idan Tiger ta farkon fitowa kake so, Tiger 131 da ke gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, wadda aka kama a Tunisiya a 1943, hotunanta sun cika intanet. Kuskuren sabon hannu shi ne yawan tsatsa, har tankar ta koma kamar wadda aka tono daga juji.

Wanda zai yi odar ta daga waje ya haɗa da kuɗin dako da na kwastam a lissafinsa, kuma ya sani cewa kamfanonin jigila suna da tsauri kan batirin litiyam. A cikin odar farko ka saka 'yan guntayen sarƙa, fil ɗinsu da batir na biyu mai bolt 7.4, domin fil guda ya ɓace sai ka jira makonni. Idan kuma za ka tuƙa ta a ƙurar hunturu, ka riƙa buɗe ta kana share akwatin giya kana sa sabon giris, saboda ƙura da giris idan suka haɗu suna cin haƙoran giya kamar sanfefa.