Mai Son Yaji a Ƙasar Sin: Wace Ƙofa Zai Shiga da Yuwan 20 a Aljihu?

Duk wanda ya taɓa bin jirgi ɗaya da 'yan kasuwarmu zuwa Guangzhou ya san abin da ke ƙasan jakunkunansu: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, da yaji cike da gwangwanin madara. In ka tambayi dalili sai a ce maka abincin Chana lami ne, ba ya ratsa harshe. Suna da gaskiyarsu, domin girkin 'yan asalin Guangzhou bai damu da barkono ba. Turara kifi suke yi, su yi farin romo, su ɗan saka zaƙi. Amma birnin cike yake da 'yan cin-rani daga lardunan ciki, kuma kowa da tukunyarsa ya zo. Yana ba ni takaici in ga mutum ya yi mako biyu a Xiaobei, unguwar 'yan kasuwar Afirka a Guangzhou, yana hawa bene yana biyan kuɗi mai yawa a kan tuwo da miyar da aka yi da abin da ya samu, alhali a ƙasan benen akwai abinci mai zafi da yaji a kan rabin kuɗin.

Kafin a zo maganar ɗanɗano, akwai haruffa biyu da ya kamata mutum ya haddace kamar lambar wayarsa: 清真. Ana furta su "cing-jan", ma'anarsu halal. A da za ka ga an rubuta da Larabci a saman ƙofa, amma daga wajen 2018 zuwa 2019 an sauke rubutun Larabci daga shaguna da yawa, don haka waɗannan haruffan ake dubawa, galibi a kan koren allo. Abu na biyu shi ne harafin 肉, wato "rou", nama. A shagon da ba na Musulmi ba, in ka ga shi tsurarsa ba a faɗi dabbar ba, to alade ake nufi. Saniya 牛 ce, rago 羊, kaza 鸡, kifi 鱼. Kuma kada ganye ya ruɗe ka. A zuwana na farko na shiga wani ƙaramin shago na nuna hoton gauta da aka soya da barkono, a zatona na tsira. Da aka kawo na juya cokali sai ga niƙaƙƙen nama a ƙasa. Na biya kuɗin, na fita da yunwata. Tun daga ranar na gane cewa cire nama daga faranti bai isa ba, domin akwai kitsen alade da ake suya da shi, akwai kuma giyar girki da ake tsiyayawa a kasko kamar yadda muke jefa dunƙulen magi.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce ta masu taliyar Lanzhou. Da wuya ka yi tafiyar minti goma a wani babban birnin Sin ba ka ci karo da ɗaya ba. Asalin abincin na birnin Lanzhou ne a lardin Gansu, ana danganta shi ga wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai suna Ma Baozi tun shekarar 1915, ko da yake yawancin masu shagunan da ke kudu mutanen Hualong ne na lardin Qinghai. Maigida da farar hula, uwargida da ɗankwali tana karɓar kuɗi, saurayi a bayan gilashi yana jan ƙullu. Ka tsaya ka kalle shi ko sau ɗaya ne: ya ja, ya ninka, ya buga a kan tebur, ya sake ja, kafin ka ƙifta ido curin ƙullu ya zama zare, ya wurga shi a tafasasshen ruwa. Minti biyu an ajiye maka kwano da tataccen romon saniya, yankakken farin tushe mai kama da karas, ganyen kusbara da jan mai na barkono yana yawo a sama. A tafiye-tafiyena kwano bai cika wuce yuwan 15 zuwa 20 ba.

Inda ya gaza shi ne nama. Yanka huɗu ko biyar ne, sirara kamar takarda, wanda ya saba da balangu zai ga kamar an raina shi. Ka ƙara kamar yuwan 10 a ba ka ƙaramin faranti na nama daban, da dafaffen ƙwai. Yajin nasu kuma ƙamshi ya fi yi a kan zafi. Cokali uku daga kwalbar da ke kan tebur ba za su sa Bakano gumi ba. In taliya ta gundure ka, duba bango, akwai hotunan shinkafa da aka zuba wa soyayyen nama. Wadda na fi saye ita ce ta naman rago da albasa da koren barkono da wani kayan ƙamshi da suke kira "ziran", Larabawa kuma suke ce masa kamun. Ba a shan giya a yawancin waɗannan shagunan, ba a kuma yarda a shigo da abincin waje ba, wannan ya sa hankali ya fi kwanciya da su. Ga mai yini a kasuwa shi kaɗai, ban ga abin da ya kai su ba.

In kun kai ku uku ko huɗu, sai a canza lissafi a nemi shagon mutanen Xinjiang, yankin da Musulmi suke da yawa a arewa maso yammacin Sin. A nan ne harshen Bahaushe yake jin ya dawo gida. Tsirensu na rago ne, gutsure-gutsure a jikin ƙarfe da ɗan kitse a tsakani, ana barbaɗa masa gishiri da garin barkono da ziran a kan garwashi. Ba ƙuli a jikinsa, shi ne kaɗai abin da za ka nema ka rasa. Suna da gurasa ta tanderu, suna da dafa-dukan shinkafa da karas da naman rago wadda babu yaji a cikinta ko kaɗan, ta dace da dattijo ko mai gyambon ciki. Amma abin da ke kai ni shi ne "dapanji", ma'anarsa kaza a babban faranti. Abincin direbobin manyan motoci ne da ya yi suna daga garin Shawan: kaza da ƙashinta, dankalin turawa da ya dahu har yana narkewa, busasshen jan barkono, tattasai, tafarnuwa gaba ɗaya ba a daka ba. In an ci rabi sai a kawo faffaɗar taliya mai faɗin ɗamara a juye cikin romon. Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da na ja shi da ƙyar, da ya kai loma ta uku sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai wannan farfesu ne, me ya sa ba ka faɗa mini tun shekaran jiya ba?" Babban faranti yakan kama kusan yuwan 100, ku raba huɗu, kowa ya tashi da nauyin ciki. Ka tambayi ƙarami ko babba tun kafin a ɗora, don ƙaramin ma ya ishi mutum biyu. Abin lura ɗaya: wasu shagunan masu allon halal suna sayar da giyar kwalba ga mai so. Wanda ba ya son zama a irin wannan wuri ya leƙa firij ɗin bakin ƙofa kafin ya zauna.

Sai lardin Sichuan da birnin Chongqing, inda sunan yajin Sin ya fito. Abin mamaki, barkono baƙo ne a can, sai ƙarshen ƙarni na 16 ya iso ƙasar daga nahiyar Amurka. Kafin zuwansa suna da nasu, wato "huajiao", wasu 'yan ƙananan ɓawo ja masu kama da masoro da ya tsage. Ba zafi suke yi ba, leɓe suke kashewa. Ka tauna ɗaya, bayan daƙiƙa kaɗan sai ka ji bakinka yana zir-zir kamar ka lashi batir, ruwan sanyi ma ɗanɗanonsa ya canza. Dangin itacen fasa-ƙwari ne da ake sakawa a yajinmu na gargajiya, wanda ya taɓa tauna saiwarsa zai gane abin nan take. Haɗuwar wannan mutuwar leɓe da zafin barkono ita suke kira "mala", kuma Chengdu, babban birnin Sichuan, ya samu shaidar UNESCO ta birnin girki a 2010. Akwai awara a jan mai, laushinta kamar kindirmo, ba irin tamu soyayya ba. Akwai naman saniya da aka yanka falle-falle aka nutsar a romon barkono. Akwai kazar Chongqing wadda sai ka tona tulin busasshen barkono kafin ka tsinto nama. Barkonon ba na ci ba ne, ƙamshinsa ake so.

A ganina wannan shi ne girki mafi gwaninta a cikin duk waɗanda na lissafa, shi ne kuma wanda Musulmi zai fi wahala kafin ya same shi da tsarki. Awarar nan da naman saniya aka san ta tun asali, amma shaguna masu araha da yawa alade suke sakawa. Tukunyar nan da ake dafa nama a kan tebur, wadda suke kira "huoguo", a Chongqing da kitsen saniya ake haɗa romonta, sai mutum ya ga kamar an huta, alhali cikin abin da ake tsomawa akwai ƙwaƙwalwar alade da daskararren jinin agwagwa. Mafita ita ce neman ta halal, kuma akwai ta. A Chengdu ka nufi masallacin Huangcheng da ke gefen dandalin Tianfu, kewayensa akwai gidajen abincin Musulmi masu girkin Sichuan na gaske. A sauran birane ka buɗe Dianping, manhajar neman gidajen abinci, ka liƙa 清真火锅, wato huoguo na halal, a wurin bincike. Ka shirya yuwan 80 zuwa sama da 100 a kan kowane mutum, wannan ba cimar kullum ba ce. Ku nemi tukunya mai gida biyu, ja da fari, domin wanda wuta ta ci ƙarfinsa ya samu wurin gudu. Naman da ka tsamo ka fara tsoma shi a man riɗi da tafarnuwa, yana rage kaifin.

Ƙanwar wannan tukunya mai araha ita ce "malatang": ka zaɓi ganye da taliya da nama a kwando, a auna, a dafa maka, yuwan 20 zuwa 30. Ɗalibai na son ta. Sai dai romon sau da yawa na ƙashin alade ne, har curin kifi ma akan cuɗa shi da alade. In babu koren allo, wuce.

Hunan ce take ba ni tausayin kaina. Lardin yana arewa da Guangdong, lardin da Guangzhou yake ciki, suna maƙwabtaka, shi ya sa shagunansu suka cika unguwannin masana'antu, suna zuba shinkafa a ɗan bokitin katako a kan kuɗi kaɗan. Yajinsu ne ya fi kusa da attaruhunmu: ɗanyen barkono, zafi kai tsaye, ba mutuwar leɓe, ba zaƙi. Kan kifi da aka lulluɓe da yankakken jan barkono mai tsami, in an wuce da shi ta gabanka sai yawu ya tsinke. Amma girkin Hunan da kitsen alade da ƙyafaffen namansa ya ginu, kuma na halal ɗinsa ba ya samuwa a ko'ina. 'Yan'uwanmu da ba su da wannan shamaki, nan ne kuɗinsu zai fi yi musu aiki.

Wanda harkarsa ta kai shi Xi'an ya yi sa'a. Unguwar Musulmi tana bayan Hasumiyar Ganga, kusa da tsohon babban masallacin birnin. Babban titin na 'yan yawon buɗe ido ne, da tsada da turereniya. Ka kutsa lungunan ciki wajen Sajinqiao ka nemi faffaɗar taliya da ake tula wa garin barkono da tafarnuwa sannan a kwarara tafasasshen mai a kai, kana jin ƙarar cuuu daga inda kake zaune. A Yiwu kuwa gidajen abincin Larabawa da Turkawa sun yi yawa, suna da tsafta da daɗi, amma kuɗin cin dare ɗaya a can ya kai na kwano huɗu a wurin mai taliya.

Wajen yin oda kalmomi kaɗan sun wadatar. "Bu la" ba yaji, "wei la" kaɗan, "zhong la" matsakaici, "te la" na ƙarshe. Kada ka fara da na ƙarshe don kana ganin kai ɗan gidan attaruhu ne. "Kaɗan" ɗin mutumin Chongqing ya fi "da yawa" na mai taliyar Lanzhou, kuma yawan man da ke ciki shi yake ɓata ciki fiye da barkonon. Ban shawarci kowa ya ci huoguo a daren da zai wayi gari a baje-kolin Canton, babban bajen kolin kasuwanci na Guangzhou, ba, ko daren da zai hau jirgin awa goma sha. In baki ya kama wuta, ruwa ba ya kashe ta. Nemi kindirmonsu na kwalba, ko jan gwangwanin Wanglaoji, shayin ganye mai sanyi da mutanen Guangzhou suke sha. Kifi kuma sau da yawa farashin da ke rubuce na "jin" ɗaya ne, wato rabin kilo, don haka a auna a gabanka a faɗa maka jimla kafin a yanka. A Guangdong za ka ga an ƙara 'yan yuwan na shayi a kan kowane mutum, al'adarsu ce, ba cuta ba. Ba a ba ma'aikaci tukuici. Ka haɗa katin bankinka da Alipay ko WeChat, manhajojin da ake biyan kuɗi da su ta waya, tun kana gida, domin ƙananan shaguna ba kullum suke da canji ba.

In ranar komawa ta gabato, shiga kasuwar kayan miya ka sayi huajiao. Da "liang" ake aunawa, gram 50 ke nan, kuma biyu sun ishi gida wata da watanni. Ka zaɓi ja mai haske wanda bakinsa ya buɗe, babu baƙaƙen ƙwayoyi a ciki, don su ke sa ƙasa-ƙasa a baki. Ka murza ɗaya a tafin hannu, in ƙamshi mai kama da ɓawon lemo bai taso ba, tsoho ne. A gida a ɗan gasa shi a busasshen kasko, a daka, a zuba ɗan kaɗan a yajin tsire.