Bawul ɗin famfon waje: abin da na gani a Amurka

Yaya, ina gaisuwa. Saƙonka ya iso kan famfon tsakar gida da Hajiya ba ta iya murɗawa saboda ciwon gaɓɓai, da maganar in aiko da bawul, wato abin buɗe ruwa da rufe shi, daga nan. Na zaga manyan shagunan kayan gini irin su Home Depot, kuma shawarata kada mu aiko. Bari ka ji dalili.

A nan Minnesota sanyi ne ke tsara komai. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu ko da na jan ƙarfe ne. Shi ya sa famfon wajensu yake da dogon wuya, wani inci 8, wani 12: mariƙin yana waje, amma inda ruwan ke tsayawa yana can cikin ɗumin gida. Kafin hunturu a cire mesa, a rufe bawul na ciki, a tsiyaye abin da ya rage. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ciwonmu take magani ba. Mu rana da yashi ke cin kayanmu.

Abin da ya shafe mu shi ne irin bawul ɗin. Wanda kuke da shi mai sitiyari ne, ƙofar ƙarfe ke sauka a cikinsa, sai an yi ta juyi kafin ruwa ya tsaya. Yashi ya kwanta a ramin ƙofar, ba ta ƙara zama daidai, sai a dinga ƙara ƙarfi har sandar ciki ta karye, sitiyari na ta juyawa a banza. Masu gyaran famfo na nan sun fi sa mai ƙwallo. Ƙwallo ce mai rami a tsakiya, zaune cikin zoben tefulon, wata irin roba mai santsi. Ka ja mariƙi rubu'in zagaye, shi ke nan. Mariƙi na bin tsawon bututu, a buɗe yake. Ya gitta, a rufe. Daga bakin ƙofa ma ana ganewa, kuma Hajiya za ta iya tura shi da tafin hannu ko gwiwar hannu ba sai ta damƙa ba.

A nemi mai dogon mariƙi, kada a karɓi mai 'yan fukafukai biyu, wannan ƙarfin yatsu yake so. Jikin ya zama na tagulla, domin na roba rana na busar da shi, mariƙin ya yi tauri ya ɓalle. A leƙa ramin ƙwallon a ga ya kai faɗin bututun, musamman tunda ruwanku daga tanki yake gangarowa, ba shi da ƙarfin da za a rage masa hanya.

Mai ƙwallon ma yana da halinsa. Ba a yi shi don a bar shi rabi buɗe ba, zoben ke cinyewa. Kuma idan ruwa na da ƙarfi aka rufe shi farat ɗaya, bututu kan buga. A riƙa motsa shi lokaci-lokaci kada ya ƙage.

Babban abin da ya hana ni saye shi ne tiredi, wato haƙoran da ake murɗa bawul a bakin bututu da su. Amurka na bin tsarin NPT, haƙoransa kusurwar digiri 60. Mu kuwa na Ingila muke bi, BSP, digiri 55. A rabin inci duk biyun haƙora 14 ne a inci ɗaya, don haka zai fara shiga kamar ya dace, daga baya ya dinga yoyo komai yawan farin tef ɗin da aka naɗa. Bakin mesar Amurkawa ma nasa tiredin daban.

Inda suka fi mu, gaskiya, shi ne doka kan dalma. Tun Janairun 2014 duk kayan ruwan sha da ake sayarwa a nan bai kamata dalmar da ke ɓangaren da ruwa ke taɓawa ta wuce kashi 0.25 cikin 100 ba, kuma ana rubutawa a kwalin. Idan za ku saya can, ku tambayi wannan, tunda daga famfon nan ake ɗiban na sha. Sannan ka ce wa mai gyara ya ɗaga shi daidai ƙugu, ya bar sarari tsakaninsa da bango don mariƙin ya samu wurin juyawa.

A gaida Hajiya da yara.