Koya wa ƙananan yara kurame maganar hannu a Gombe: bin gida-gida ko tara su aji guda?

Malamai mata da suka iya maganar hannu suna yawan tambayata: su riƙa bin gidaje ne, ko su tara yara 'yan shekara 3 zuwa 5 wuri ɗaya? Kuma yaya za su yanke kuɗi?

Bin gida ya fi tsada. Malama za ta lissafa kuɗin Keke, misali daga Pantami zuwa Tudun Wada da dawowa, ta ɗora kan ladanta. A aji kuwa iyaye ke raba nauyin, sai dai akwai hayar ɗaki da tabarmi.

Amma gida yana da fa'idar da nake ganin ta fi kuɗin. Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne. In malama ta shigo gida, uwa da yayye suna koya tare, yaro ya samu abokin hira har dare. A nan ne kuma ake daidaita alamun gida da na makaranta, domin abin da makarantun kurame na Najeriya ke koyarwa ya samo asali ne daga maganar hannun Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma ɗan mishan Ba'amurke, ya kawo, ba maganar hannun Hausa ba. Aji kuma yana ba yaro tsararraki, su yi wasa da hannu.

Haɗarin bin gida shi ne biya kowane zama: an tafi biki, ba kuɗi. A aji a karɓi na wata tun farko.

Bin gida ya dace da yaron da bai fara komai ba, iyayensa kuma suna da hali. Aji ya dace da malamar da ke da yara da yawa a unguwarta, tana son kuɗin da za ta dogara da shi.